Malamin Makarantar Lahadi a Karkarar Mayahi da Tasawa

In aka ce a lissafa masu sana'a a ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, da maƙeri za a fara, sai mahauci da wanzami da mai haƙar rijiya, a gangaro kan malamin allo da mushen lakwal. Da wuya wani ya tuna da malamin makarantar Lahadi. Ba shi da rumfa a kasuwa, ba a ba shi ko dala, kuma waɗanda yake yi wa aiki ba su da yawa. A ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, akasarinsu kuma a birane suke. A komin irin ta El Alasan Mairairai da ke gundumar Mayahi, ƙasar jigawa ta gero da wake, kusan kowa Musulmi ne. Inda aka sami Kirista a irin wannan karkara, ƴan gidaje ne, ko kuwa ma'aikacin da gwamnati ta turo, malamin lakwal ko na asibiti, shi da iyalinsa. Duk da haka sana'a nake kiran aikin, don yana da kayansa, a hannun wani ake koyonsa, kuma wanda ya san shi yakan bambanta gwani da ɗan koyo tun ba a kai rabin darasi ba.

Abin da ake koyarwa ɗaya ne, Littafi Mai Tsarki, mai littattafai 66 a hannun ikilisiyoyin bishara, 73 a hannun Katolika. Waɗanda ake koya wa ne ba ɗaya ba. A manyan majami'un Maraɗi da Yamai ana raba yara aji-aji, kowane aji da malaminsa. A ƙauye kuwa inuwa ɗaya ce da tabarma biyu ko uku. Ga ɗan shekara uku da aka yaye bara, ga ƴar shekara tara goye da ƙaninta, ga ɗan sha biyar da muryarsa ta fara buɗewa, ya koma can gefe yana kunyar a gan shi cikin yara. Lokacin bai fi sa'a guda ba, sau ɗaya a mako. Manzo Bulus ma, da yake rubuta wa mutanen Koranti, ya raba tsakanin wanda ake ba madara da wanda ya isa cin abinci mai tauri. Gwanintar malamin duka nan take: ya san wa za a ba kunu, wa za a miƙa wa tuwo, alhali geron ɗaya ne.

Ita makarantar Lahadi daga Ingila ta taso. A 1780 wani mai gidan jarida a garin Gulosta, Robert Raikes, ya fara tara yaran talakawa masu aikin ƙarfi kwana shida a mako, ana koya musu karatu ranar Lahadi, rana ɗaya tak da suke hutawa, kuma Littafi Mai Tsarki ne littafin karatun. Wato tun asali ajin yaƙi da jahilci ce. A Turai gwamnati ta daɗe da ɗauke wa coci wannan nauyi. A karkarar Maraɗi har yau yana wuyan malamin.

Akwai labarin da nake so a ce kowane malami yana faɗa wa manyan ɗalibansa. Lokacin da aka fara juya Linjila zuwa Hausa, matashi ne ɗan ƙasar nan ya zauna kusa da mai fassarar. Dorugu sunansa, haifaffen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana yaro, wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya ƴanta shi, daga baya ya bi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa a 1851, har zuwa Ingila a 1855. A can ya zauna da mai fassarar, James Frederick Schön, yana ba shi labarai da kalmomi da yadda ake ɗora magana. A 1857 aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, Sabon Alkawari kuma a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki sai a 1932 ya fito, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gabansa tare da abokan aiki Turawa da Hausawa, sannan aka yi sabuwar fassara a 1979. Ɗan sha biyar ɗin nan da ke ganin kamar littafin na baƙi ne, ya kamata ya ji cewa sa'ansa, daga ƙasar da ke gabas da su kaɗan, yana da hannu a ciki tun farko.

Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi ya biyo baya a 1950, na kutare a Danja a 1956. Daga wannan aiki ikilisiyar EERN ta fito daidai lokacin samun ƴancin kai, kuma makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, a kan titin da ya tashi daga Maraɗi ya nufi Tasawa, ta daɗe tana horar da fastoci da masu bishara cikin Hausa. Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta wallafa littafi kan Kiristocin Maraɗi a 2006, ta nuna cewa mishan ɗin sun fi mai da hankali ga karatun Hausa don mutum ya karanta Littafi da kansa, suka yi nawa wajen ba da ilimin Faransanci da ake samun aikin gwamnati da shi. Wannan ya ja wa Kiristocin farko baya, kuma sun koka. Amma ya bar musu gado guda: al'umma ƙarama da ke karanta Hausar boko a ƙasar da lakwal ba ta cika koyar da ita ba.

Gadon nan kuwa ba ya kai kansa ga yaro. Ɗan lakwal da Faransanci ya koyi baƙaƙe. Ya saba ganin sunan garin a allon bakin titi an rubuta Tessaoua, yanzu an ce ya karanta Tasawa. Bai taɓa haɗuwa da ɓ da ɗ da ƙ ba, ga c yana kiranta yadda mushe ya koya masa. Don haka malami nagari yakan ware ƴan mintoci kowane mako don baƙaƙen nan kaɗai, kuma yaron da ya riga ya iya haɗa baƙi da wasali, cikin ƴan makonni sai ka ji ya kama. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba kuwa, musamman ƴan mata, wani lokaci nan ne kaɗai wurin da za a ɗora masa alli a hannu. A 2025 dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Kafin littattafai da malamai su kai kowane ƙauye, akwai masu wannan aiki tun kaka da kakanni ba tare da takarda daga ma'aikata ba.

Ƙanana, daga shekara uku zuwa shida, ba karatu ake yi da su ba. Labari ne da waƙa da motsa jiki. A nan malami yakan ari kayan kakarsa: sauya murya, maimaita magana sau uku, sa amshi a tsakiyar labari don yara su karɓa. In Nuhu yana shigar da dabbobi jirgi, kowane yaro zai yi kukan wata dabba. In makiyayi yana neman tunkiyarsa da ta ɓace, sai a ɓoye wani yaro bayan danga, aji duka ya tashi nema. Sai dai akwai iyakar da gwanaye ba sa ƙetarewa. Ba sa buɗe labarin da kiran da ake buɗe tatsuniya da shi, ba sa rufe shi da ƙurunƙus. Ɗan Bahaushe ya san tun yana ƙarami cewa abin da aka rufe da ƙurunƙus na Gizo da Ƙoƙi ne, ba wanda ya ce ya faru. Shi ya sa za ka ga malama ta riƙe Littafin a buɗe bisa cinyarta ko da ba ta duba shi, don yaro ya gane daga ina maganar ta fito. Abu ɗaya ake so ya tafi da shi gida, ba biyu ba: Allah ne ya yi ni, ko Allah ya kiyaye jariri Musa cikin kwando. Minti goma in ya wuce, an rasa su.

Abu biyu ne ba na yarda da su a wannan aji, ko da wa ya yi. Na farko tsoratar da ɗan shekara huɗu da wuta don ya zauna shiru. Na biyu bulala. Yaron da aka daka saboda ya manta aya zai haddace ta mako mai zuwa, amma abin da ya koya game da Allah a ranar ba shi ne ke cikin ayar ba.

Daga shekara bakwai zuwa sha biyu lokacin hadda ne, kuma a nan aikin ya fi daɗi. Yaran nan sun tashi suna jin tsararrakinsu na makarantar allo suna biya karatu da asuba da dare, kuma iyayensu ma suna so a ce nasu ɗan yana da abin da ya riƙe a ka. Sai a fara da sunayen littattafan bi da bi, daga Farawa har ƙarshe, yawanci da waƙa. Sai Dokoki Goma, da Addu'ar Ubangiji, da Zabura ta 23, da ayar haddacewa ta kowane mako. Akwai kuma gasar buɗe littafi: malami ya kira littafi da sura da aya, wanda ya riga samu ya miƙe ya karanta. Wasa ne a ido, amma da shi yaro ke sanin hanya cikin littafi mai shafi sama da dubu. Wata ƴar matsala takan taso a nan, domin fassara biyu ke yawo a gidaje. Kaka ya haddace ta 1932, yana cewa Yohanna da Misalai da Ru'ya, jikansa kuwa littafinsa na cewa Yahaya da Karin Magana da Wahayi. Mai hankali yakan zaɓi fassarar da ta fi yawa a gidajen ɗalibansa ya tsaya a kanta, don in yaro ya koma gida a sami mai karɓar masa hadda.

Akwai masu rena hadda, suna cewa karatun aku ne. Ban bi su ba. Littafin ba ya isa kowa, wani gida ɗaya ne tak na maigida, kuma abin da yaro ya sa a ka shi zai bi shi kiwo da gona da cin rani. Amma tunda nassin da harshen uwarsa yake, malami ba shi da hujjar barin sa a hadda kawai. Da yaro ya gama biyawa, gwani yakan ce, "To, Audu, rufe littafin, faɗa mini da bakinka." Nan ake gane ko maganar ta shiga.

Babban arzikin malamin karkara shi ne, duniyar Littafin ta fi kusa da ɗalibansa fiye da yadda take kusa da yaron Landan, ko ma na Yamai. Ɗauki labarin Yusufu, daga Farawa sura 37. Ba sai an yi wa ɗan Mayahi bayanin abin da ya sa ƴan'uwansa suka ƙi shi ba. Da an ce iyayensu mata kishiyoyi ne, uban kuma ya fi son Rahila uwar Yusufu, ya ɗinka wa ɗanta riga ta daban, yara sun gama fahimta: ƴan ubanci ne. In aka kai ga shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, da yadda Yusufu ya tara hatsi, kowa ya san rumbu, kowa ya san watannin da rumbu ke ƙarewa gero bai nuna ba. Rifkatu da ta ce za ta shayar da raƙuman baƙo a bakin rijiya, yarinyar da ke jan guga a rijiya mai zurfin gaba da yawa ta fi mai sharhi sanin nauyin wannan alkawari, don ta ga yadda raƙumi ke sha. Rut da ke bin bayan masu girbi tana kala, ba sabon abu ba ne. Isuwa da ya dawo daga farauta da yunwa ya sayar da girmansa na ɗan fari saboda kwanon abinci, a ƙasar da aka san darajar wa a kan ƙane, yara kan riƙe baki.

Amma kusancin nan yana da tarko, kuma a nan ake gane wanda ya yi shiri. A misalin mai shuka, iri ya faɗi a hanya, wani a kan dutse, wani cikin ƙaya. Yaron da ya bi ubansa gona ya san yadda ake shuka: mai sungumi na gaba yana sara, na baya yana jefa ƴan ƙwayoyi a rami yana rufewa da diddige. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan manomin me ya sa yake ɓarnar iri a hanya?" Tambaya ce ta manomi, kuma tana da amsa: a ƙasar Falasɗinu watsa alkama da sha'ir ake yi da hannu. In malami bai san haka ba, zai tsawata wa yaron da ya fi kowa saurare. Haka kuma akwai abubuwan da ba su da kama a nan. Yaron da iyakar ruwan da ya sani tabkin damina ne da kwarin Gulbin Kaba, yaya zai gane tsoron almajirai da hadari ya taso musu cikin jirgi? Tekun Galili tsawonsa kamar kilomita 21 ne. Malami sai ya ce, daga nan zuwa kasuwar gari kaza duka ruwa ne, ba tudu ba itace, sannan idanu su buɗe. Inabi da zaitun ma sai an yi musu irin wannan dabara.

Kuskuren da na fi gani a wannan aji shi ne mai da kowane labari wa'azin ladabi, a ƙare da cewa ku bi iyaye, ku daina ƙarya. Bin iyaye daidai ne, amma in haka ne kaɗai, tatsuniya ma tana yi. Dawuda da Goliyat sai ya koma labarin jarumtar ƙaramin yaro, a manta cewa shi Dawuda ba da ƙarfinsa ya yi taƙama ba. Wasu kuma sukan share laifin mutanen Littafin don kada yara su ji, alhali Littafin da kansa bai ɓoye cewa Yakubu ya yaudari ubansa ba, Bitrus kuma ya yi musun ubangijinsa sau uku. Yaron da aka nuna wa waliyyai marasa aibi, ranar da ya karanta da kansa zai ga kamar an rufe shi.

Sai matasa, inda aka fi asara kuma aka fi sakaci. Daga shekara sha uku hanya takan rabu. Wanda ya ci jarrabawa ya tafi kolej, sau da yawa a wani gari, ya zauna gidan mai masauki. Wanda bai ci ba, da an gama girbi ya bi yayyensa cin rani, Maraɗi ko Kano ko Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Yarinya kuwa maganar aure ta taso, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ke aure kafin shekara 18. Shekarun da suka rage wa malami da su kaɗan ne, kuma salon da ya yi amfani da shi jiya ba ya ci yau. Waƙar tafi da gasar aya sun zama abin yara. Abin da matashi ke ɗauke da shi tambayoyi ne, mafi yawansu kuma ba shi ya ƙirƙire su ba, abokansa ne suka yi masa a hanyar lakwal ko a bakin rijiya.

Tambayoyin sanannu ne. Wane ɗa Ibrahim ya kai hadaya, tunda Farawa sura 22 ta ce Ishaku, abokansa kuwa a lokacin layya sun ce Isma'ila? Me Kirista ke nufi in ya kira Yesu Ɗan Allah, alhali shi ma ya ce Allah ɗaya ne? An gicciye Almasihu ko ba a gicciye shi ba? An taɓa littafin ko ba a taɓa ba? Ku yaushe kuke azumi? Malamin da ya ce kul, kada ka ƙara tambaya, ya sallami yaron ke nan. Wanda kuma ya cika masa baki da gardama da baƙar magana ya fi wancan ɓarna, domin wanda yaron zai je ya yi wa gardamar kawunsa ne, ko kakarsa, ko mai masaukin da ke ciyar da shi. A karkarar nan da wuya ka sami Kirista da ba shi da dangi Musulmi. Ana aiko musu naman layya, su ma suna aika abincin Kirsimeti, tare ake biki tare ake jana'iza. Aikin malami shi ne yaro ya san abin da ikilisiyarsa ta gaskata da dalilinsa, ya san daidai inda ya rabu da abin da abokinsa ya gaskata, ya iya faɗa cikin jimla biyu ba tare da zagi ba, kuma in bai sani ba ya ce zai tambayo. Ya kuma koyi faɗin aƙidar maƙwabcinsa yadda shi maƙwabcin zai yarda cewa haka take. Wannan na ƙarshe ba kowane malami ne ya iya ba, shi kansa sai ya zauna ya saurara.

Akwai tambaya mai zafi fiye da waɗannan. A watan Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, sakamakon fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa da Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki. Shugabannin ƙasa da Musulmi da yawa sun yi tir da abin. Amma labarin yana nan a bakin iyaye, kuma matashi mai jini a jika yakan tambaya ko dole ne kullum su ne masu haƙuri. Koyarwar Yesu a kan ƙaunar maƙiyi, cikin Matiyu sura 5, ɗan shekara takwas yakan haddace ta ba wahala. Ɗan sha bakwai ne ke jin nauyinta. Malamin da ya yi saurin rufe bakinsa da aya bai taimake shi ba. Sai an bar shi ya fitar da abin da ke cikinsa tukuna, sannan a buɗe wurin tare.

Sannan ga surorin da ba a karanta wa ƙanana, waɗanda yanzu lokacinsu ya yi: Yusufu da matar Fotifar, Dawuda da Batsheba, abin da Amnon ya yi wa Tamar. Kunya ba ta barin a yi wannan magana maza da mata a haɗe, kuma bai kamata namiji ya keɓe da ƴan mata a kanta ba. A nan matan Zumuntar Mata ta coci ke shigowa, wata uwa da ƴan matan ke kira Inna ko Mama ta zauna da su. Yarinya Kirista a ƙauyen da samarin addininta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, tambayarta ta gaskiya ita ce wa za ta aura, kuma ko za a bar ta ta gama karatu. In ba a amsa mata a coci ba, za a amsa mata a wani wuri. Ga samari masu shirin tafiya kuwa, ban san sura da ta fi ta farkon littafin Daniyel dacewa ba: matasa a baƙuwar ƙasa, an sauya musu suna da harshe da abinci, suna neman inda za su sassauta da inda za su tsaya.

Ƙarshen wannan mataki a ikilisiyoyin bishara shi ne ajin baftisma, domin su ba sa yi wa jariri, sai mutum ya girma ya nema da bakinsa. Katolika, waɗanda aka kafa musu dayosis a Maraɗi a 2001, suna yi wa jarirai, sannan katakis ya bi da yaro mataki-mataki zuwa karɓar jibi na farko da tabbatarwa. Ko ta wace hanya, malami na ƙwarai ba ya tura yaro don a ce ajinsa ya fitar da mutum kaza. Yakan ma ce wa wani ya dakata.

Dabarar da ta fi riƙe matashi ita ce a ba shi aiki. Ya karanta nassi a gaban jama'a, ya riƙe ganga, ya ɗauki ƙanana ya ba su labari yayin da malami ke tare da na tsakiya. Da haka matsalar inuwa ɗaya ke warwarewa, da haka kuma sana'ar ke samun magada. Kusan duk malamin da za ka tambaya, haka ya fara: wata ranar Lahadi aka ce masa riƙe mini yaran nan.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafi Mai Tsarki, Littafin Waƙoƙi, allo da alli, ganga da caki, wani lokaci tsofaffin hotuna da suka sha hannu. Yanzu waya ta shigo, da karatun Littafi na murya a katin ajiya, da fim ɗin Yesu na 1979 da aka juya zuwa Hausa. Suna da amfani, musamman ga wanda bai iya karatu ba, amma waya ba ta san sunan yaro ba, ba ta kuma lura in ya zo bai karya ba. Shiri kuwa daren Asabar ake yinsa da tocila, bayan an dawo daga gona ko an sauke tukunya, don mafi yawan masu aikin nan mata ne da matasa. Shekarar ma tana da nata tsari. Da damina aji yakan rame, yara sun gaji da noma ko suna kiwo. Bayan girbi ya cika, a shiga shirin wasan Kirsimeti, inda ake rububin zama Hirudus saboda rawani da tsawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ikilisiyoyi da yawa ke ba da aikin ga duk wanda ba shi da wani aiki. Mai wa'azin manya sai ya yi shekaru a makaranta, mai koyar da yara kuwa sai a miƙa masa alli a ce Allah ya taimaka, a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar ikilisiya ba: Littafi nasa na kansa, kwalin alli, kuɗin mota ya je horo na mako guda da rani, da fasto ko dattijon da zai zauna da shi su bi darasin kafin Lahadi. A kuma sa mutum biyu a kan aji, a fili inda kowa ke gani, don kare yara da kare malamin.

Akwai wani aiki na ƙarshe da ba a rubuta shi cikin kowane littafin darasi ba, kuma a wurina da shi ake auna malami. Yana da ɗan littafin da yake rubuta sunayen yaransa, har da waɗanda suka tafi da inda suka tafi. In yarinya ta sami kolej a Tasawa, ko saurayi ya ce bana Agadas zai yi rani, malami ba ya tsayawa a addu'ar sallama. Yakan nemo lambar fasto ko wani dattijon ikilisiya a can, ya sa kati daga aljihunsa ya kira, ya ce, "Baba, ga ɗanmu nan zuwa, sunansa wane, gidan wane zai sauka. Don Allah a neme shi ranar Lahadi, kada a jira sai ya zo da kansa." Bayan mako biyu kuma ya sake kira ya ji ko an gan shi.